Malam Sammani: Sai Wanda Ya Hau Ya Sauko

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, kowa da ranarsa.

Ranar Talata, 13 ga Maris, 2007, wadda ta yi daidai da 23 ga Safar, 1428, Allah Ya yi wa Malam Sammani Gidaɗo rasuwa. Shi ne shugaban masu kula da wuta a tashar famfo ta ƙungiyar manoman rani ta Kwarin Dattijo, nan tsakanin Kura da Bunkure. Ya cika da hantsi a gidansa da ke bayan Garun Mallam, bayan jinyar ƙoda da ta kwantar da shi tun sanyi bai wuce ba. An sallace shi bayan Azahar.

Ni Iliyasu, mataimakinsa a ɗakin wuta, ban halarci jana'izar ba. Mutane sun lura. Wasu sun tambaye ni ido da ido, wasu sun bi ta wajen matata. Na ga ya fi dacewa in ba da amsar a nan, kuma in ba da ita gare ka, Malam, domin kai ne ka fi kowa haƙƙin jin ta. Sai dai ba za a gane dalilin ba sai an san yadda ka yi aikinka, don haka daga can zan fara.

Lokacin da ka ɗauke ni, siton taki nake tsaro. Takardar sakandare kaɗai gare ni, ita ma babu lissafi a cikinta. Wata rana ka tarar da ni na kulle sito, na yi tafiya har bakin titi, na dawo na sake jijjiga kwaɗon. Kunya ta kama ni. Kai kuwa sai ka ce, "Kullum haka kake yi?" Na ce kullum, Malam, zuciyata ba ta yarda da ni. Ka ce in same ka gobe a ɗakin wuta. Sai bayan shekaru ka gaya mini dalili: masu ƙarfin zuciya sun yi yawa a aikin lantarki, har maƙabarta ta ɗebi rabonta a cikinsu, kai mai shakka kake nema. Ban taɓa tsammanin halin da nake ɓoyewa zai zama abin da wani ke nema ba.

Ga wanda bai san wurin ba, gonakin ƙungiyarmu a tudu suke, ruwan kanal ba ya hawa da ƙafarsa sai famfo ya ɗaga shi. Famfunan suna bakin kanal, ɗakin wuta kuwa yana bakin titi. Tsakaninsu layin wuta ne ya ratsa gonaki a kan falwaya, ya ɓace bayan itatuwan mangwaro. Wanda ke cikin ɗakin ba ya ganin abin da ke faruwa a kan layin. A ɗakin ne rile take, wato akwatin da ke tsaron layin. Ba ta fi rediyo girma ba, da ɗan gilashi da maɓallai a fuskarta. Idan waya ta tsinke, ko wuta ta yi wa injin yawa, ita ke yanke wutar kafin mutum ya ƙifta ido. Ta cikinta kuma ake ba da umarnin mayar da wuta. Kana kiranta maigadin da ba ya barci, ba ya kuma jin roƙo.

Da aka kawo ta, ka haura hamsin, kuma duk rayuwarka da tsofaffin na'urori masu faifai ka saba. Ba ka ce zamani ya wuce ka ba. Muka zauna a kan benci da littafin da ya zo da ita, ni ina karanta Turancin, kai kana gaya mini abin da yake nufi, domin ni kalmomin na sani, kai kuwa wutar ka sani. Mutumin da ya ɗaura ta ya nuna mana lambar sirrin da ake shiga da ita. Ka tambaye shi ko irin wannan akwati da ke wasu garuruwa ma da wannan lambar suke zuwa. Ya ce duk iri ɗaya ne daga kamfani. Motarsa ba ta kai titi ba ka canza ta. Ka ce makullin da kowa ke da irinsa a aljihu ba makulli ba ne.

Ka raba aikin rile gida uku. Duba abin da gilashin ke nunawa na kowa ne. Canza ma'aunin da take yanke wuta a kansa naka ne kai kaɗai, da lambarsa daban. Na uku shi ne umarni, kuma a nan ne na fara fahimtar irin mutumin da nake bi. Yanke wuta ba ka sa masa lamba ba ko ɗaya. Ka ce ko mai tallan kunu ce ta leƙo ta ga hayaƙi, ta danna, ba sai ta nemi iznin kowa ba. Mayar da wuta kuwa ka ɗaure shi tamau. Ko an sa lamba, rile ba ta aikatawa nan take, sai ta sake tambaya ko mutum ya tabbata. Duk lokacin da tambayar ta fito a gilashi sai ka waiwayo ka ce, "Iliya, ga 'yar'uwarka, ita ma sai ta koma ta jijjiga kwaɗo."

Ka san ina rubuta abin da ya faru kowace rana a littafina, har kake kira na Magatakarda. Ba ka hana ni ba. Ka ce in rubuta komai, har kokon da na sha da safe, amma ranar da ka ga lambar sirri a cikin littafin nan, ni da kai mun raba hanya. Har yau babu ita a ciki.

Sai babbar dokarka, wadda duk Kwarin Dattijo ya sani, ko da ba kowa ke son ta ba. Idan za a hau falwaya gyara, muna yin duk abin da aiki ya tanada: a yanke wuta, a raba layi, a ɗaura wayar da ke kai ragowar wuta ƙasa. Kai kuma ka ƙara abu guda. Kafin mai hawa ya fita daga ɗakin, sai a canza lambar mayar da wuta. Mai tsaron ɗaki ya sa rabin farko. Sannan ya juya baya, mai hawa ya sa rabin ƙarshe da yatsansa, ya tafi da shi a ransa. Ba ya faɗa, ba ya rubutawa, ba ya aikowa. Wuta ba ta komawa layin sai shi da kansa ya dawo ya tsaya gaban rile. Hannun ƙarfen da ake iya mayar da wuta da shi kuwa ka sa masa kwaɗo. Idan mai hawa ya dawo, kana kallonsa tsaye a gabanka, amma sai ka tambaya, "Ƙafarka tana ƙasa?" Sai ya amsa, sannan a sa lamba.

Sau ɗaya ka ba ni labarin inda dokar ta samo asali, muna cin rake a bakin kanal. Ka ce kana saurayi a wata masaƙa a Kano, kana da aboki Muhammadu Sani, ɗakinku ɗaya. Yana kan layi aka mayar da wuta. Wanda ya mayar ba mugu ba ne, ba kuma mahaukaci ba. Wani ne ya gaya masa ya ga Muhammadu Sani ya sauko ya nufi wurin mai shayi. Wanda aka gani ɗin wani ne daban, rigarsu ce iri ɗaya. Kai ka kai wa mahaifiyarsa kayansa. Ka ci gaba da fere rakenka.

Ba na so wanda bai san ka ba ya ɗauka kai mutum ne mai ɗaure fuska. Ba ka wuce gidan da fitila ta mutu ba ka tsaya ba. Kai ka ja wa masallacin Kwarin Dattijo waya, kai kuma ka gyara ta majami'ar da ke unguwar bayan kanal lokacin da ɓera ya cinye ta ana gobe Kirsimeti, ka dawo da kaza a bayan babur kana cewa an fi ƙarfinka. Da matata ta yi doguwar naƙuda, kai ka tsaya mini a ɗakin wuta alhali ranar hutunka ce, kuma ba ka taɓa tuna mini ba. Usaini, wanda ke hawa mana falwaya, magidanci ne da 'ya'yansa, amma ban taɓa ganin ya fita aiki ba ka ja igiyar ƙugunsa da hannunka ka gwada ba. Yakan ce, "Malam, ai jiya ka duba." Kai kuma ka ce masa, "Jiya ma ka ci tuwo, yau ba za ka ci ba?"

Alhaji Maikano, shugaban ƙungiya, sa'anka ne kuma abokin wasanka. Wata bazara rile ta riƙa yanke wuta saboda injin ya yi zafi, ya zo ya ce ka ɗaga mata ma'auni ta daina wannan tsirfa. Ka ɗauke shi a babur zuwa bakin kanal, ka ce ya ɗora tafinsa a jikin injin. Ya ɗora, ya fizge da sauri. Ka ce, "To ka ga, hannunka ma ya yanke, wa ya ba shi izini?" Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce da shi za a shawarta da ba za a bai wa Bafulatani tsaron wuta ba, taurin kai ya yi yawa. Aka sayo wa injin sabuwar fanka, maganar ta wuce. Na kawo wannan don a san Alhaji ba maƙiyinka ba ne, kuma abin da zan faɗa a gaba ba ƙararsa nake kaiwa ba.

Akwai abu ɗaya da ni kaɗai ka nuna wa. Bara, muna share ƙurar ɗaki, ka kwance murfin rile ka nuna mini wani ɗan filogi a cikinta, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Idan aka matsar da shi, rile ba ta ƙara tambayar lamba, duk wanda ya danna ta bi. Ka ce wannan ƙofar baya ce, kowane ɗaki yana da ita. An yi ta ne don ranar da mai rabin lamba ya mutu ko hankalinsa ya gushe, kuma sai mutum ya ga hakan da idonsa. Ba a yi ta don mai gaggawa ba. Ka mayar da murfi, ba mu sake zancen ba.

Zuwana na ƙarshe gaishe ka, ka rame har agogonka yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Abin da ka fara tambaya shi ne ko na ƙara wa baturan rile ruwa. Na ce na ƙara. Na gaya maka ina tsoron ranar da za a taru a kaina ba ka nan. Na zaci za ka ce in daina tsoro. Sai ka ce, "Za su taru. Kuma da dalili mai kyau za su zo, Iliya. Ba wanda zai zo maka da mugun dalili."

Yanzu ga ranar Talatar.

A wannan bazara ruwa ya ja baya, don haka ranar Talata kaɗai ake buɗe wa reshen kanal ɗinmu ƙofa, a rufe da La'asar. Wanda bai sha ba a wannan tsakani sai wani makon. Ran Litinin da yamma iska ta karyo reshen darbejiya ya tsinke waya, rile ta yanke wuta. Da sassafe muka yi yadda ka koya mana. Na sa rabina, na juya baya, Usaini ya sa nasa, ya ɗauki tsani ya tafi. Manoma suka yi ta taruwa a ƙofar ɗaki da fartanyoyinsu suna jira, ruwa yana wucewa a kanal, shinkafar da aka dasa da albasa suna kwance a rana.

Da hantsi ya ɗaga sai ga Alhaji Maikano. Tun daga yadda ya sauko daga mota na san labarin da ya kawo. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Iliyasu, sai haƙuri. Sammani ya riga mu." Aka yi ta salati. Na zauna a kan bencin nan namu, ban san tsawon zaman da na yi ba.

Abin da ya tashe ni muryar Ɗanbaba ce, wani manomi da gonarsa ke ƙarƙashin layin. Ya ce shi ya kai wa Usaini labarin rasuwar, kuma ya ga ya sauko ya hau babur ya nufi Garun Mallam. Na kira wayar Usaini, tana ta ƙara ba a ɗauka. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ji dai. Yaron nan ya gama ya tafi. Mayar da wuta, a kunna famfo, mu tafi mu binne ɗan'uwanmu gaba ɗaya."

Na ce rabin lambar yana wurin Usaini.

Ya dube ni ya ce, "Na san Sammani tun muna kiwon awaki. Ba zai gina ɗaki babu ƙofar baya ba. Akwai ko babu?"

Malam, ƙarya ta zo mini har bakin harshe, kuma da na yi ta da na huta. Amma ban taɓa jin ka kare doka da ƙarya ba. Na ce akwai, kuma ba zan buɗe ba.

Ba zan maimaita duk abin da aka faɗa mini ba. Yawancinsa gaskiya ne. Ɗanbaba ba maƙaryaci ba ne, kuma ya rantse. Ruwan yana wucewa. Mutanen da ke tsaye a ƙofa abincin 'ya'yansu ne kwance a rana. Wani ya ce wanda ya kafa dokar ma ai ya tafi. Ni kaina na fi kowa yarda cewa Usaini ya sauko. Hannuna har ya kai kan sukundireba, in kwance murfin rile. Abin da ya tsayar da shi tambaya ce irin tawa ta kullum: idan ya sauko ne don ya ji labarin sosai, ya sake hawa ya ƙarasa ɗaurin fa? Idan wanda aka gani a kan babur wani ne fa? Duk rayuwata ina jin haushin wannan murya da ke mayar da ni bakin kwaɗo. Ranar nan na bar ta ta yi magana.

Alhaji ya ce to shi zai je ya ɗauko Usaini da kansa, in zo mu tafi tare. Na kai ƙafa ɗaya cikin mota, sai na hango wasu samari biyu sun ɗauko guduma, suna kallon kwaɗon da ke kan hannun ƙarfe. Ba mugaye ba ne su ma, gonakin iyayensu ne. Na san idan motar ta tashi da ni, kafin mu kai titi wuta ta koma layin. Na janye ƙafata. Na koma na kulle ɗakin, na jawo benci na zauna a bakin ƙofa.

A nan na yi Azahar. A nan nake lokacin da na san ana jera sahu a kanka. Na yi maka addu'ar da na iya, fuskata tana kallon gabas, bayana yana jingine da ƙofa. Shekara fiye da goma ina bin ka, ban ɗauki makararka ba, ban zuba maka ƙasa ba. Wannan shi ne dalilin, Malam.

Alhaji ya sami Usaini a cikin kabarinka yana haƙa, wayarsa tana aljihun rigar da ya rataye a reshe. Ya ce da ya gan shi a ciki, bakinsa ya kasa cewa fito. Sai da aka rufe ka suka taho. Usaini ya shigo ɗakin da jar ƙasa har gwiwa, ya sa rabinsa, na mayar da wuta. Famfo bai daɗe yana aiki ba aka rufe ƙofar kanal. Gonakin kusa sun sha. Na nesa ba su sha ba.

Ba zan gyara labarin don ya yi mini daɗi ba. Ɗanbaba gaskiya ya gani. Usaini ya gama gyara, ya kwance wayar ƙasa, ya sauko, ya tafi. Da na buɗe ƙofar bayan nan, da babu abin da zai sami kowa, da kowa ya sha ruwa, da na sallace ka.

Albasar Gwaggo Kulu, wadda gonarta ce ta ƙarshe a tudu, ta ƙone kafin wata Talatar. Ita ke riƙe da jikokinta marayu da wannan gona. Ta zo har ɗakin wuta ta ajiye mini ƙullin busasshen ganyen a kan benci. Ta ce, "Iliya, ban zo in ce ba komai ba. Akwai komai." Na ce na sani, Gwaggo. Ta ce sanin nawa ba ya shiga tukunya. Ni da Usaini mun gyara mata fangalolin gonar mun shuka kuɓewa, tana amsa gaisuwata, amma a taƙaice. Tana da gaskiyarta.

Bayan addu'ar bakwai ƙungiya ta zauna a ƙarƙashin mangwaro. Shawarar da aka kawo ita ce a daina raba lamba, a bar ta cikakkiya a hannun shugaba saboda irin wannan rana. Ka san ni, ban iya magana a taro ba. Na tashi duk da haka. Na ce asarar da aka yi ni na jawo ta, ban musa ba. Na ce kuma idan ranar ta sake dawowa, abin da na yi shi zan sake yi. Idan ƙungiya ta ga a haɗa lambar a hannun mutum ɗaya, ikonta ne, amma ta nemi wanda zai zauna a ɗakin, ni zan koma siton taki.

Aka yi ta gunaguni. Sai Usaini ya miƙe, shi da ba ya magana a gaban manya. Ya ce, "Alhaji, laifin farko nawa ne. Da na biyo ta ɗakin wuta kafin in tafi, da ba a yi haka ba. Labarin ne ya ɗauke mini hankali. Amma ku sani, da na dawo na tarar da wuta a layin ba da yatsana ba, ko ƙwarzane ban yi ba, da na sauka ke nan har abada. In ina sama, ba igiyar nan ce ke riƙe da ni ba. Abin da ke riƙe da ni shi ne na san ko wa ya rantse ya gan ni a ƙasa, ba za a saki wuta ba. In kun cire wannan, ga tsani can, duk mai so ya ɗauka."

Ba wanda ya ce zai ɗauka. Alhaji ya daɗe yana murza carbinsa, sannan ya ce, "Sammani ya mutu ya bar mana taurin kansa kashi biyu." Aka bar dokar yadda take, aka ƙara mata abu ɗaya, wanda na tabbata da kana nan za ka yarda da shi: wanda ya hau, idan ya sauko, ɗakin wuta zai fara zuwa, ko labarin rasuwar wa aka kawo masa. Ni kuma na nemi a biyo ni ɗakin. A gaban kowa na ɗaure murfin rile da waya, na buga mata hatimin dalma, yadda ba mai buɗe ƙofar bayan nan ba a gani ba, har ni. Da za mu fita Alhaji ya ce mini kada in ji daɗi, bai huce ba tukuna. Na ce na ji, Alhaji.

Ban zama jarumi ba, Malam. Har yanzu nakan koma in jijjiga kwaɗo, kuma akwai safiyar da nake tashi ina tambayar kaina ko albasar Gwaggo Kulu ta cancanci abin da na yi mata. Amma na yanke shawara, kuma na rubuta ta a nan don a riƙe ni da ita. Muddin ina ɗakin nan, lamba ba za ta shiga takarda ba, ba za ta haɗu a hannun mutum ɗaya ba, kuma ba za a mayar da wuta da shaidar ido ba. Duk wanda za a kawo mini ya koyi aiki, wannan zai fara koya kafin ya taɓa maɓalli.

Talatar da ta wuce Usaini ya sake hawa, ya ɗaure wata waya da ta saki. Da ya dawo ya tsaya gaban rile, wurin da kake tsayawa kuwa babu kowa. Ya dube ni yana jira. Sai na gane tambayar yanzu tawa ce.

Na ce, "Usaini, ƙafarka tana ƙasa?"

Ya ce, "Tana ƙasa, Malam Iliya."

Na sa rabina, ya sa nasa. Rile ta tambaya ko mun tabbata. Na danna. Ruwa ya hau tudu har gonar ƙarshe, ya shiga kuɓewar Gwaggo Kulu.

Ya Allah, ga bawanKa Sammani ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya tsare rayukan bayinKa a kan aikinsa, Ka tsare shi daga azabar kabari da ta wuta. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka haɗa shi da abokinsa Muhammadu Sani a Aljannar Firdausi, tare da iyayensa da namu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, Malama Adama, da 'ya'yansa Alamin da Muhsina da Sumayya, da 'yan'uwansa na Garun Mallam, da dukan manoman Kwarin Dattijo. Ina roƙon iyalinsa su yafe mini rashin ganina a ranar, yanzu sun san inda nake. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya shirya zuriyarsa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Iliyasu
Ɗakin wuta, Kwarin Dattijo
Maris, 2007